Baƙon da Aka Kira Maƙwabci

A Alƙahira, idan ka shiga ƙaramar bas ɗin nan da suke kira mikrobas, sau da yawa ba za ka ga yaron mota ba. Na kujerar baya zai taɓa kafaɗar na gabansa, ya miƙa masa kuɗi, ya ce na mutum ɗaya ne ko na biyu. Shi ma ya miƙa gaba, har kuɗin ya isa ga direba. Canji ma ta nan yake dawowa, hannu zuwa hannu, ta wajen mutum biyar ko shida da ba su taɓa ganin juna ba. Iya zamana a garin, ban ga ranar da ko kwabo ya yi ciwon kai ba.

A makonnina na farko, wannan miƙa kuɗi shi ne iyakar abin da ke haɗa ni da mutanen gari. 'Yan'uwan da suka riga ni zuwa sun ja mini kunne tun daren da na sauka: kada ka saki jiki da wanda ba ka sani ba, mai yawan tambaya ka gajarce masa amsa. Da dalilinsu kuwa. A cikinsu akwai wanda aka cuta a kuɗin haya, akwai wanda yara suka bi cikin lungu suna tsokana saboda baƙar fatarsa. Na riƙe gargaɗin da hannu biyu. In shiga mota, in kafa ido a taga, in sauka.

Wata safiya a hanyar Darrasa, wani tsoho da ke gefena ya karɓi canjina daga gaba, ya ƙirga, ya zuba mini a tafin hannu, amma bai janye nasa hannun ba.

"Ɗana, daga ina?"

Na ce daga Nijeriya. Da Larabcin littafi na amsa, wanda shi kaɗai na iya a lokacin, har wata mata a gaba ta waiwayo tana murmushi. Tsohon ya ce mutanen kirki, mutanen kirki. Daga baya na gane kusan duk ƙasar da ka ambata haka Bamisire zai ce maka, kuma sanin hakan bai rage mini daɗin kalmar ba. Ya tambayi abin da ya kawo ni, na ce karatu a Azhar. Sai ya dafa gwiwata ya ce, "Ashe kai mujawiri ne. Maƙwabcinmu ne kai."

Tare muka sauka. Ammu na riƙa ce masa, wato baffa, kamar yadda matasan can ke kiran duk dattijo. Sana'arsa ɗinkin littattafai da yi musu bango, a wani ɗan shago cikin lungunan da ke bayan masallacin, inda masu sayar da littattafai suka yi sahu. Shi ya fara nuna mini babbar ƙofar masallacin ya gaya mini sunanta, Babul Muzayyinin, Ƙofar Wanzamai, domin a bakinta ɗalibai ke zama a yi musu aski a zamanin da. Na yi ta wucewa ta ƙofar nan ban taɓa tambayar sunanta ba.

Kalmar da ya kira ni da ita ce ta tsaya mini a rai. Shekaru ɗaruruwa, ɗaliban da ke zaune a Azhar mujawirai ake ce musu, masu maƙwabtaka da masallaci. Mutum ya taso daga Jawa ko Sham ko gaɓar Tafkin Cadi, bai san kowa ba, harshensa ma da ƙyar ake ganewa, amma ranar da ya ajiye gafakarsa sunansa maƙwabci. Kowa kuwa ya san nauyin da Musulunci ya ɗora a kan haƙƙin maƙwabtaka. Yau a takardun ofis wafidai ake kiran ɗaliban waje, wato masu zuwa daga wani wuri. Kalma ce mai tsabta, ba ta da aibi, sai dai tana tuna maka cewa zuwa ka yi, kuma za ka koma.

Shi kansa masallacin baƙi ne suka gina shi. Jauhar, kwamandan Fatimiyyawa da ya zo da runduna daga yamma, shi ya aza harsashinsa a 970, aka yi Juma'ar farko a cikinsa a watan azumin 972. A 988 waziri Yaƙub bin Killis ya yanka wa wasu malaman fiƙihu albashi don su zauna su karantar. Da Salahuddin Ayyubi ya kawar da daular Fatimiyyawa a 1171, aka ɗauke huɗubar Juma'a daga Azhar, ba ta dawo ba sai zamanin Sarki Baibars, bayan kusan shekara ɗari. Dauloli sun zo sun wuce, amma yadda ake karatun bai sauya sosai ba. Malami ya jingina da ginshiƙi, mutane su kewaye shi, kamar dai karatun zaure a wajenmu. Duk wanda ya zo sai ya cire takalmi ya nemi gefe ya zauna, ya saurara, in yana da tambaya ya yi. Malamin da ya gamsu da kai ya ba ka ijaza da hannunsa. Jarrabawa ta hukuma ba ta shigo ba sai 1872, tsangayoyin likitanci da injiniya kuwa sai bayan dokar 1961. Kenan ƙarni tara ana ɗaukar ilmi a wurin nan ta hanyar zama kusa da wanda ba ka sani ba da buɗe baki a gabansa. Ibn Khaldun ma, da ya iso Masar a 1382, baƙo ne daga Tunis, kuma a Azhar ya zauna ɗalibai suka taru a kansa.

Masu tsarin wurin sun san baƙunta tana da ciwo, shi ya sa suka yi riwaƙai, wato ɓangarori na kwana da karatu, kowane yanki da nasa. A wancan zamanin akwai na Magaribawa, na Turkawa, na mutanen Sham, na Jawa, na Jabarti, akwai na mutanen Barno. Kowanne da shehinsa, da akwatunan littattafansa, da gurasar da ake rabawa daga dukiyar waƙafi. Tun ma kafin haka, a tsakiyar ƙarni na 13, mutanen Kanem sun kashe kuɗinsu an gina makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ, inda matafiyansu ke sauka. Amma riwaƙi wurin kwana ne da jin harshen gida. Da gari ya waye, kowa fitowa yake tsakar masallaci, inda Babarbare zai haɗa gwiwa da Baturke a gaban ginshiƙi ɗaya.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Muhammadu al-Kashnawi, Bafulatanin Katsina, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi rubutu a kan yadda ake tsara hatimi mai gidaje mara, lambobin kowane layi su ba da jimla ɗaya. Bayan ya sauke farali ya zauna a Alƙahira, kuma a gidan Shehu Hasan al-Jabarti ya sauka. A gidan ya rasu a 1741, ya bar wasiyyar littattafansa a hannun mai masaukinsa. Shi Hasan ɗin, kakanninsa daga Jabarti suka zo, can wajen Habasha da Zaila, suka gaji shugabancin riwaƙin mutanensu a Azhar. Jikan baƙi ne ya buɗe wa baƙo ƙofa. Ɗansa Abdurrahman, babban marubucin tarihin Masar, an haife shi bayan rasuwar Bakatsinen da fiye da shekara goma, amma ya sa shi a littafinsa cikin manyan malamai. Bai gan shi da ido ba, a gidan ubansa ya tashi ya tarar da sunan. Ina yawan tunanin ranar farko da mutanen nan biyu suka haɗu, domin dole akwai wanda ya fara yi wa ɗan'uwansa sallama ya tambaye shi daga ina.

Abin da ke damuna game da mu ɗaliban yau shi ne mun riƙe riwaƙi mun saki tsakar masallaci. Mu kama haya gida ɗaya, mu tuƙa tuwonmu, mu yi hirarmu da Hausa har dare, sauran lokacin kuma waya ta cinye. Na san waɗanda suka yi shekara huɗu suka dawo da shahada mai kyau, amma babu gida ɗaya na mutanen gari da za su ƙwanƙwasa a ce musu maraba, ba kuma aboki ɗaya daga Indunisiya ko Senegal, alhali benci ɗaya suka zauna. Ban raina tsoron da ya jawo haka ba, ni ma na ji zafin kalmar da aka jefe ni da ita a titi, har yau ban manta ba. Amma tsoron da aka ba mu don ya tsare mu daga macuci guda ya raba mu da mutanen kirki da yawa, kuma wannan asara ba mai rubuta ta a takardar sakamako.

Bayan watanni na kai wa Ammu wani tsohon littafin Risala da mahaifina ya ba ni, rubutun hannu irin namu, bangonsa ya ɗaye. Ya wanke hannu kafin ya taɓa shi. Ya kai shi kusa da fitila, ya bi layi da yatsa, sai ya tsaya. Ya ce wannan harafin ya rikita shi, ɗigo ɗaya a sama amma kalmar ba ta karantuwa da fa'un. Na ce masa a rubutunmu, kamar na Magariba, mai ɗigo ɗaya a sama ƙafun ne, fa'un kuwa ɗigonsa a ƙasa yake. Ya yi shiru yana kallon shafin, sannan ya leƙa waje ya ce wa yaron mai shayi ya kawo kofi biyu. Ya ture tarin takardu daga kan benci, ya matsa mini wuri.

"Zauna, ɗana. Karanta mini daga farko, a hankali, ina bin ka."