Ɗan Da Ya Faɗa Shaye-Shaye: Gidan Mari Ko Gidan Magani?

Wani dattijo daga ƙasar Safana ya aiko mini da tambaya wadda na ga ya kamata in amsa ta a wannan fili, domin ba shi kaɗai ta dama ba. Ya ce ɗansa ya fara haɗiyar tiramadol tun yana zuwa ƙwadagon noma, wai don kada ya gaji. Da gonakin da ke bakin dajin Rugu suka gagari manoma saboda 'yan bindiga, sai aiki ya tsaya, ƙwaya kuwa ba ta tsaya ba. Yanzu har ya kai ga buɗe rumbun gida da dare. Ƙanen dattijon, wanda ke zaune a Batsari, ya ce a kai yaro gidan mari, uwar yaron kuwa ta ce asibiti. Shi ne ya ke tambaya, wanne ne ya fi kusa da yardar Allah?

To, Alhaji, Allah Ya ba ka haƙuri, Ya shiryi yaron. Wannan masifa ta shiga gidaje da yawa. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 14 da dubu 300, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Amma kafin ka tambayi inda za ka kai shi, akwai tambayar da za ka yi wa zuciyarka in dare ya raba: warkewarsa na ke nema, ko kuwa so na ke ya ɓace mini da gani in huta da surutun mutane? Da yawa daga cikinmu, in muka faɗa wa kanmu gaskiya, kunyar gari ce ke korar mu. Wanda kunya ta kora kuwa ba ya bincike, duk ƙofar da za ta rufu da kwaɗo ta ishe shi.

Mun ga ƙarshen wannan. A watan Satumba na 2019, 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, da tabon bulala a baya. A watan Oktoba na wannan shekara aka sake ganin irin haka a Daura da cikin birnin Katsina. Abin da ya fi ciwo shi ne, galibinsu iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna kuma biyan kuɗi.

Mai cewa a kai shi mari yana da hujjarsa, kada mu raina ta. Zai ce mashayi mai laifi ne, shari'a ma ta yanka masa bulala. Gaskiya ne. Amma haddi aikin alƙali ne, bayan shaida ko iƙirari, da adadi sananne, a yi shi a gama. Ba a ba wani mai gida ko mai makaranta ikon ya ɗaure ɗan Musulmi shekara biyu cikin ɗaki mai duhu, yana dukansa safe da yamma ba. Ya zo a Sahihul Buhari cewa akwai wani sahabi da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Ran nan wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin nan yana son Allah da ManzonSa. An tsayar masa da hukunci, ba a tuɓe masa mutunci ba. Har wa yau, a duba yadda aka haramta giyar kanta: aka fara bayyana cewa cutarta ta fi amfaninta, sa'an nan aka hana kusantar salla cikin maye, kana daga baya hani ya sauka gaba ɗaya a Suratul Ma'ida. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta bayyana cewa da hanin ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su bari ba. Wanda Ya halicci zuciya Ya san ba a ciro ta daga sabo da fizga.

Ba cewa na ke kada a tsare yaro ba. Hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don kiyaye su, kuma Alƙur'ani ya hana a miƙa wa wawa dukiya. Saboda haka uba yana da ikon ya hana ɗansa kuɗi, ya raba shi da abokan banza, ya kai shi inda ƙwaya ba ta isa gare shi. Amma tsarewa daban, azabtarwa daban.

Akwai kuma abin da likitoci suka sani, wanda ya wajaba malamai mu saurara. Jikin da ya saba da ƙwaya, in aka yanke masa ita farat ɗaya, sai ya tashi da makyarkyata da zufa da amai da rashin barci. Mai shan ƙwayoyin sa barci kuwa, irin su diyazefam, yankewar na iya jawo masa suma da jijjiga kamar ta farfaɗiya, har rai ya salwanta. Wanda bai san wannan ba sai ya ce taurin kai ne ko iskoki, ya ƙara bulala. Don haka kwanakin farko na likita ne. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano, kuma hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. Na san daga Safana ko Batsari zuwa can akwai kuɗin mota da haɗarin hanya, ga gona ba ta nomu ba. A fara da babban asibitin da ya fi kusa, a nemi likita ya duba shi, ya faɗi inda ya dace.

Duk inda za ka kai shi, Alhaji, ko na gwamnati ne ko na malami, je ka da ƙafarka tukuna. Ka ce a nuna maka inda zai kwana da abin da zai ci. Ka tambaya ko hukuma ta san da wurin, ko likita yana zuwa, ko ana koyar da sana'a, da kuma ranar da ake sa ran sallama. Mafi muhimmanci, ka tambaya ko za ka iya ganinsa kai da shi, ba da mai gadi a tsaye ba. In aka ce maka ziyara tana ɓata horo, sai bayan wata shida, to ɗauki ɗanka ku koma gida. Wanda kuma ya rantse maka cewa cikin kwana arba'in yaro zai warke har abada, ya faɗi abin da bai sani ba, domin komawa ruwa bayan an bari abu ne da ke faruwa ko a hannun ƙwararru, kuma ba ya nufin wahala ta tafi a banza.

Malami yana da babban rabo cikin aikin nan, sai dai rabonsa ya fi yawa bayan an sallamo yaro. Ranar da ya dawo, mai sayar da ƙwaya yana nan a bakin tasha, abokan dā suna nan, zaman banza ma yana nan. A nan ne ake bukatar limamin unguwa ya jawo shi sahu, ya ba shi allo, kawunsa na Batsari kuma, da ya ke ya damu da shi, ya sama masa abin yi, ko ɗinki ko gyaran babur. Mutanen gida su daina kiransa da sunan da ya bari. Uwar yaron kuwa a riƙa shawara da ita, don tun farko ita ce ta fi kusa da daidai. Wallahu a'alamu.