Mai Barin Kasuwa Don Ya Koyi Sauraren Mutane



Bayan La'asar ta wata Laraba muna zaune a dakalin masallaci, muna jiran rana ta yi sanyi mu koma shago, sai wani ƙanenmu ɗan canji ya durƙusa ya ce, "Malam, shawara na zo nema. So nake in bar teburin nan in koma makaranta." Muka ce masha Allahu, me za a karanto? Ya ce ilimin ba da shawara, wato zama da wanda damuwa ta yi wa yawa, a saurare shi har ya hango mafita. Da ya faɗi sunan abin da Turanci, wani dattijo a gefe ya zaci kansila zai tsaya, har yana tambayar a wace jam'iyya. An yi dariya, amma mu maganar ta hana mu barci da wuri a daren.

Mutum ne mai shekara kusan 40, da mata da 'ya'ya huɗu, da takardar NCE a ƙasan akwati tun kafin aure. Irin wannan ba a ce masa je ka, ba a kuma ce masa zauna, sai an san abin da ya taso shi. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san hadisin farko a Arba'una na niyya ne. To muka tambaye shi tasa.

Abin da ya fara faɗa mu ya taɓa. Ya tuna mana rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021, da abokinsa mai tumatir da aka ƙone wa rumfa. Mutumin ya tsira da ransa, amma barci ya ƙaurace masa, ko faranti ya faɗi sai ya zabura, daga baya ya faɗa shan ƙwaya. Ya ce, "Malam, wurinku na kawo shi." Mun tuna. Mun ce masa ya yi haƙuri, mun kawo masa labarin Annabi Ayuba, mun yi masa addu'a, duka bai kai minti goma ba muka tashi, don ana jiranmu a wurin ɗaurin aure. Ba mu faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Sai dai ba mu tambaye shi abin da idonsa ya gani a ranar ba, kuma ashe abin da yake neman wanda zai faɗa wa ke nan. Mu limamai an koya mana magana, wallahi ba a koya mana yin shiru ba. Mutum na buɗe baki mun riga mun ɗauko ayar da za mu ba shi.

Karatun nan kuwa ba baƙo ba ne a Ibadan. A 1959 aka fara aikin a makarantar 'yan mata ta St. Theresa da ke Oke-Ado, a 1976 kuma aka kafa ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa, Jami'ar Ibadan ma tana da sashensa. Mu da muke Sabo tun 1916, 'ya'yanmu nawa muka tura? Matar da aka kawo daga Arewa, ba Turanci ba Yarabanci, in zuciyarta ta cika, wa za ta faɗa wa? Ciwon ciki ana iya nuna shi da hannu, na zuciya sai da harshen da aka sha a nono. Ta wannan fuskar hujjar ƙanen namu ta fi ƙarfinmu.

Da muka matsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce kasuwar ma ba ta tafiya, musamman tun da Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji sama da 4,000 a Maris ɗin 2024. Ya faɗa kamar mai amsa laifi. Muka ce ɗaga kanka, neman halal ba ya ɓata niyya, mu ma da muke jan salla ai da shago muke ci. Abin da kawai muka ja masa kunne a kai, kada ya ɗauka arziki zai tarar a can. Mutanenmu za su biya kuɗin allura ba gardama, amma a ce su biya don an saurare su, da sauran tafiya.

Akwai dalilan da bai faɗa ba, kuma su muka fi tsoro, don mun san su a kanmu. Akwai daɗi a ce kai ne wanda ake kawo wa kuka. Alhajin da ke wuce ka a mota, yau ga shi a gabanka yana share hawaye. Wannan daɗin ba ya zuwa da sunansa, rigar taimako yake sanyowa, sai an daɗe mutum ya ga ya fara jin haushi in an kai matsala wurin wani. Ga kuma unguwa irin tamu, da in ka yi tari a bakin titi za a ce maka sannu daga cikin lungu. Wanda ya riƙe sirrin gida goma a Sabo ya riƙe wuƙa goma. Malaman jami'a za su koya masa ƙa'idar ɓoye sirri, ya rubuta a jarrabawa ya ci, amma ranar da ya yi faɗa da maƙwabcin da ya san abin kunyarsa, ba takardar ce za ta kama masa baki ba.

Sannan shi kansa yana Shasha a ranar, ya je karɓar bashi, da gudu ya fita. Mun lura duk lokacin da ya ambaci abokin, muryarsa rawa take. Wanda ya ɗanɗana ya fi tausayi, wannan gaskiya ne. Amma mai ɗanyen miki, duk wanda ya zo da labari, nasa labarin zai riƙa ji a bakinsa, sai ya ba shi maganin da shi yake bukata. Muka ce masa, ɗan'uwa, kafin ka zauna a kujerar mai sauraro, ka fara zama a ta wanda ake saurare.

Ra'ayinmu dai bai kai ga hana shi ba. Niyyar da ba ta da gauraye ko kaɗan, mu ba mu taɓa samunta a zuciyarmu ba, balle mu nema a ta wani. Abin da muka ƙi shi ne ya rufe tebur. Ciyar da iyali wajibi ne a kansa yau, karatun kuwa alheri ne da ake fata gobe, kuma yaran ba su ne suka zaɓi wannan hanya ba. Muka ce ya nemi tsarin karatu daga nesa, ya shawarci maiɗakinsa shawara ta gaske, ba sanarwa ba, ya kuma gwada kansa wata uku: duk abin da aka faɗa masa a asirce, ko ita kada ta ji.

Makon jiya ya dawo ya ce ta yarda, har tana tambaya ko mata ma suna yi. Tebur yana nan a buɗe daga safe zuwa Azahar. Abokin nasa kuwa an ce yana can gida wurin yayarsa. Ranar Juma'a muka karɓi lambarsa, har yanzu muna juya abin da za mu fara tambayarsa.