Haƙƙin Wanda Ya Tayar da Inji

Idan kana zaune a Amurka, musamman a garuruwan da ke kusa da gonaki, ka san lokacin fitowarsu. Sanyi na ɗagawa sai ka ga hotunansu sun cika Facebook da Craigslist: ƙananan babura masu ƙafa huɗu, waɗanda ake kira ATV, na yara masu koyo. Yaron gidan ya girma, babur ya shekara biyu a gareji yana shan ƙura, mai shi ya rubuta cewa ba ya tashi, ya karya kuɗi. Ɗanka ya gani a waya, ya zo yana cewa, "Baba, mu saya mu gyara mana." Kai kuma zuciyarka ta motsa, domin mu ba mu taso muna jefar da abu don kawai ya tsaya ba.

Tambayar da nake so mu zauna a kanta ita ce: wanda ya tayar da mataccen inji da hannunsa, ina haƙƙinsa ya tsaya? A kan injin kaɗai, ko har kan wanda zai hau?

Gyaran kansa ba shi da wuyar da ake tsammani. Yawancin waɗannan baburan injinsu silinda ɗaya ne, iska ke sanyaya shi, girmansa daga cc 50 zuwa 110. Da yawa daga cikinsu, musamman ƙirar China, dangi ɗaya ne da injin roba-roba da ka sani a gida, wanda asalinsa Honda Cub ne. Sau da yawa ma injin bai mutu ba, suma ya yi. Fetur ɗin nan ƙasar galibi ana gauraya shi da kashi 10 cikin 100 na itanol, shi kuwa itanol yana jan danshi. In man ya kwana wata shida a kafireta sai ya yi danƙo, ya toshe 'yan ƙananan hudojin da mai ke bi. A wanke kafireta, a canza fulogi, a zuba sabon baƙin mai, sai ka ji ya yi tari ya tashi.

Amma in ya tashi yana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ta salansa, ba shi da ƙarfi, to baƙin mai yake ƙonawa, kuma galibi ringin fistin ne ya cinye. Nan ne za a kwance kan inji. A cire fistin, a duba cikin silinda ko ya karce, a goge shi, a auna tazarar bakin sabon ringi kafin a sa, a saita bawul, a sa sabon gasket, a ɗaure kowane noti daidai ƙarfin da littafin kamfani ya faɗa. Ka matse fiye da kima, ka cinye zare. Ka sassauta, ya yi yoyo. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba bakanike ba, amma wannan ɓangaren ina son sa ƙwarai, don ya yi kama da aikinmu: sai ka auna kafin ka taɓa. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya zauna yana jera notuna a kan tsumma bi da bi, don kada su ɓace masa wajen mayarwa, yana koyon abin da wayar hannu ba za ta taɓa koya masa ba. Kuma ga mu nan da 'ya'yanmu suka tashi ba su taɓa ganin mai faci ko mai gyaran rediyo a bakin titi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma fa ka lura da abin da ka yi. Ranar da ka sayo shi, ƙarfe ne kawai a ajiye, ba ya iya cutar da kowa sai dai a yi tuntuɓe da shi. Ranar da ka gama, ya koma abin da ya haura kilo 100, yana gudu, kuma yaron da bai kai rabin nauyinsa ba ne zai hau. Kai ka mayar masa da wannan ƙarfin, babu wanda ya tilasta ka.

Mutane suna ganin ƙafa huɗu sai hankalinsu ya kwanta, a ce ai ba ya faɗuwa. Wallahi yana faɗuwa, kuma in ya faɗi a kan mahayin yake kifewa. A irin waɗannan baburan ƙafafun baya biyu a kan ƙarfe ɗaya suke juyawa tare, don haka in za a sha kwana dole mahayi ya karkata jikinsa ya taimaka masa. Doguwar kujerar nan da kake gani don wannan motsin aka yi ta, ba don goyon ƙane ba. Tayoyin kuma na turɓaya da taɓo ne. A kan kwalta kama ƙasa suke yi, su wuntsila. Tun 1988 aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a ƙasar nan saboda yawan haɗari, kuma har yau ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana kan bakanta cewa wanda bai kai shekara 16 ba kada ya tuƙa ko da mai ƙafa huɗun ne. Kamfanonin da ke ƙera su kuwa suna liƙa takarda a jiki cewa wannan ya dace da ɗan shekara goma. Ka ga masu sayarwa da masu ɗinkin rauni ba su daidaita ba. Duk wanda ya yi aiki a sashen gaggawa ya san dalili: karayar hannu da ta ƙashin wuya su ne masu sauƙi, bugun kai da dannewar ƙirji su ne ke sa uwa ta zube a ƙasa.

Na san abin da wani zai ce: in kwana ya ƙare, ko a kan gado ne sai an tafi. Haka ne, ban musa ba. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya bar notin kan inji a sake ya ce ƙaddara za ta riƙe shi ba. Wajen ƙarfe muna aunawa har da ma'auni, sai an zo kan ɗan mutum a ce a bar wa Allah. Wannan rabon bai yi mini ba.

Akwai kuma masu cewa a hana gaba ɗaya, kada ma a shigo da shi gida. Ina jin su, don rabin zuciyata tana wajensu. Amma yaron da ke unguwar da abokansa duk suna hawa, in ka hana shi a gida zai hau na maƙwabta, babba, na manya, ba hular kwano, ba idonka. Shi ya sa nake raba abu biyu. Hannun yaro a cikin inji, na yarda tun yana ƙarami. Hawansa kuwa magana ce daban, mai shekarunta da sharuɗɗanta, kuma gyaran da ya taya ka bai saya masa izinin hawa ba. In so samu ne, ya jira sha shidan.

Inda ake gane mai gyaran da ya san haƙƙinsa wani ɗan sukuru ne ƙarami a jikin totur, wajen babban yatsa. Kamfani ya sa shi ne don ya hana totur buɗewa duka. Kana murɗa shi ciki, gudu na raguwa. Bayan ka sha wahalar kwance inji, za ka so ka ji iyakar ƙarfin aikinka, za ka ga bidiyoyi na yadda ake cire sukurun, ko a sa babban silinda a ƙara ƙarfi. Yaron ma zai roƙe ka. Ka bar shi a inda yake. Kuma kuɗin da ka rage wajen sayen tsoho, ka sa shi a birki, da taya, da hular kwano daidai kan yaron, ba wadda zai girma ya tarar ba. Injin da ke tashi bugu ɗaya a kan birki marar ci ya fi mataccen haɗari nesa ba kusa ba.

Wata rana kai ma naka yaron zai girma, ka ɗauki hoton babur ka sa a Facebook. Wanda zai zo saye uban wani ne, mai yiwuwa bai san fistin daga fulogi ba. Ka gaya masa abin da ka canza da abin da ka bari, ka nuna masa sukurun, ka tambaye shi shekarun ɗansa. In ya ce bakwai, kana da ikon cewa ba na sayarwa ba ne.