Shaidar Na'ura da Nauyin Amana

Duk lokacin da na buɗe wani shafi a intanet, akwai gaisuwar da ke gudana a ɓoye kafin harafi ɗaya ya bayyana. Shafin yakan miƙo mabuɗinsa na fili, tare da takardar shaida mai ɗauke da sa hannun wata hukuma, cewa mabuɗin nasa ne. Wayata ta duba ta gamsu, ni kuma in zuba sirrina. Tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: wa ya yi shaidar, kuma me ya shaida?

A da, wannan takarda galibi sai da kuɗi. Tun shekarar 2015 hukumar Let's Encrypt da ke Amurka ta damƙa aikin ga na'ura, kyauta. Mai nema ya ce shafin nasa ne, na'ura ta ba shi wata alama ya ajiye a ciki. Idan ta je ta tarar da alamar, sai ta sa hannu, takarda ta yi kwana 90 a sabunta ta. Babu ɗan Adam a tsakani.

Alheri ne babba, domin mai ƙaramin shafi ya sami sutura irin ta banki. Amma abin da na'urar ta tabbatar shi ne makullin gida yana hannun wane; ba ta tambayi halinsa ba. Mazambaci ma yakan buɗe shafi, ya karɓi takardarsa cikin daƙiƙoƙi.

Na taɓa ganin laifin na'urar, daga baya na janye. Ko lokacin da ake biyan kuɗi ba a tsira ba: a 2011 masu kutse suka shiga kamfanin DigiNotar na Holan, suka fitar da takardar jabu da sunan Google, aka leƙa saƙonnin mutanen Iran. Kuma shaida nagari a gaban alƙali shi ne wanda ya tsaya kan abin da idonsa ya gani, bai ƙara gishiri ba. Haka na'urar take yi. Mu ne muka ɗora mata maganar da ba ta faɗa ba, har sai da Chrome ya cire hoton kwaɗon nan a 2023, saboda jama'a sun ɗauke shi alamar gaskiya.

Na yarda na'ura ta tsare hanyar da saƙona zai bi. Sanin wanda zan ba amana kuwa nauyi ne da yake wuyana, babu sa hannun da zai sauke mini shi.