Makarantunmu da Yara Naƙasassu



A Bishara ta hannun Markus, sura 2, mun karanta labarin shanyayyen nan da mutum huɗu suka ɗauko zuwa wurin Yesu a Kafarnahum. Gida ya cika maƙil, bakin ƙofa ma babu masaka tsinke. Mutanen nan ba su mai da shi gida ba. Suka hau soro, suka huda rufin, suka zurara shi da shimfiɗarsa har gaban Ubangiji, Shi kuwa ya dubi bangaskiyarsu. Mu lura da kyau: ƙafafun mutumin suna yadda suke sa'ad da ya shiga. Ginin ne aka taɓa domin ya sami hanya.

Wannan shi ne ainihin abin da masana suke kira ilimi na musamman. A kowace makarantar Ikkilisiya akwai yaron da yakan zauna a baya shiru, ana ce masa daƙiƙi, ana yi masa bulala, alhali kuwa kunnensa ne ba ya ji sosai tun wani zazzaɓi da ya yi yana ƙarami. Maganinsa sau da yawa ba ya cin ko kwabo. A dawo da shi layin gaba, malami ya daina magana yana fuskantar allo, domin yaron ya ga leɓunansa. Yarinya zabiya, wadda hasken rana yake damun idonta, a nisanta ta da taga, a rubuta mata da manyan baƙaƙe, a bar ta ta sa hula da riga mai dogon hannu ko da sun saɓa wa kayan makaranta. Wanda shan inna ya taɓa, a sa ajinsa a ƙasa, a zuba siminti a yi gangara inda matakala take, a kuma faɗaɗa ƙofar makewayi, gama yara da yawa sun bar karatu saboda wannan kunyar kaɗai. A lokacin jarrabawa a ƙara wa mai jinkirin rubutu lokaci, makaho a ba shi tambayoyi da rubutun makafi ko a karanta masa. Ba a rage masa wuyar tambaya, hanyar amsawa ce ake sauƙaƙa masa.

Kada mu ɗauka baƙon abu ne ga Ikkilisiya. Wajen shekara ta 1760, wani firist na Katolika, Fada de l'Épée, ya buɗe wa kurame makaranta kyauta a birnin Paris, ya zauna ya koyi maganar hannu daga wurinsu kafin ya koya musu. Louis Braille kuma, wanda aka haifa a Faransa a 1809, ɗan baduku ne da basillar mahaifinsa ta tsone masa ido yana ɗan shekara 3. Yana da shekara 15 ya tsara rubutun ɗigo 6 da ake shafawa da yatsa, ya kuma yi shekaru yana kaɗa molon coci a lokacin Mas. A ƙasarmu, 'yan'uwanmu na mishan ɗin SUM suka kafa makarantar makafi a Gindiri a 1953. Ya kamata mu yaba musu, mu kuma yi kishi mai kyau.

Gwamnati ma ta yi nata a takarda. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ware wa ilimi na musamman sashe, a Janairun 2019 kuma aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigansu. Wa'adin ya wuce. Kowa ya duba matakalar makarantar da take kusa da shi, har da ta cocinmu.

Akwai masu tambaya ko ya fi kyau a kai irin yaran nan makaranta tasu dabam. A ganinmu, kurman da bai taɓa jin magana ba yana bukatar malaman da suka ƙware a maganar hannu, makaho kuma sai ya fara koyon rubutunsa a hannun gwani. Amma yawancin yaran za su iya karatu tare da tsararrakinsu, idan an yi musu gyaran da muka ambata. Raba ɗan shekara 6 da uwarsa zuwa wani gari mai nisa ba ƙaramin abu ba ne.

Iyaye, da ku muke magana yanzu. Mun san gidajen da ake ɓoye yaro a ɗaki in baƙi sun zo, da waɗanda ake tura shi bara a bakin kasuwa. A Yohanna sura 9, almajirai sun tambaya ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, Yesu kuwa ya wanke shi da iyayensa daga wannan zargi. Saboda haka ku fito da 'ya'yanku. Ku ba katekis na ƙauyenku sunan yaron da irin matsalarsa kafin a koma sabon zangon karatu, domin Fada da shugaban makaranta su san adadinsu, su zauna da ku a ji abin da kowane yaro yake bukata.

Ubangiji ya albarkace ku. Amin.