Almakashi ko Takobi

Karatu: Yaƙub 1:19-27

Ɗan'uwa cikin Almasihu, shin baftisma takan wanke kwaɗayin gādo daga zuciyar mutum? Kafin ka amsa, ka saurari labarin wani gidan sarauta.

Kulobis, sarkin Farankawa a ƙasar da ake kira Faransa yau, mai bautar gumaka ne sa'ad da ya auri Kulotilda, mace mai bi. Ɗansu na fari ya mutu jim kaɗan bayan an yi masa baftisma, sarki ya ɗora laifin a kan Allahn matarsa, amma ba ta ja da baya ba. Daga baya shi kansa ya karɓi baftisma a birnin Rems ranar Kirsimeti. Bishop Giregori na Tur, wanda ya rubuta tarihinsu, ya ce mayaƙa fiye da 3,000 suka bi shi.

Kulobis ya rasu a shekara ta 511, 'ya'yansa huɗu suka raba ƙasar. A 524 aka kashe ɗayansu, Kulodomar, a fagen yaƙi, ya bar yara maza uku a hannun kakarsu. Baffanninsu biyu, Cildebat da Kulotar, suka sa ido kan rabon marayun. Suka karɓi yaran da sunan za a naɗa su sarauta, sa'an nan suka aika wa uwarsu almakashi da takobi, ta zaɓa. A wannan gida doguwar suma ce alamar jinin sarauta; wanda aka yi wa aski ya rasa gadon mulki. Cikin fushi da ɗacin rai Kulotilda ta ce gara ta ga gawarsu da ta gan su a aske. Manzon bai jira ta huce ba. Kulotar ya kashe biyu da hannunsa, ɗan shekara 10 da ɗan shekara 7. Na ukun aka ɓoye shi, ya yi wa kansa aski, ya ƙare ransa cikin hidimar Ubangiji.

Ka lura, dukansu masu baftisma ne. Ruwa ya taɓa jikin baffannin, amma bai kai ga wurin da kwaɗayi yake kwance ba. Kakar kuwa, wadda mutuwar jaririnta ba ta girgiza bangaskiyarta ba, darajar gida ce ta kā da ita cikin numfashi ɗaya. Magana zarar bunu ce.

Kada ka ce wannan halin sarakuna ne. A nan ƙasar Bagudo, daga Illo zuwa Lolo, sarautarmu ita ce fadamar shinkafa a bakin Kwara. Mutum ya rasu, ƙanensa ya ce zai riƙe wa yara gonar har su girma. Damina ta bi damina, iyaka tana matsawa taki ɗaya, taki ɗaya. Aka cire yaro daga makaranta, aka tura yarinya wurin dangi a ƙetaren iyaka, can Segbana, wai riƙo. Ba a zare takobi ba, amma almakashi ya yi aikinsa. Ranar Lahadi kuwa baffan yana layin gaba a majami'a.

Wataƙila za ka ce kai ne ka ciyar da su, kai ka biya kuɗin magani. Gaskiya ne, Allah kuma bai mance ba. Amma ciyarwa ba ta mai da amana ta zama mallaka. Manzo Yaƙub ya haɗa abu biyu a wuri ɗaya: kame harshe da kula da marayu. Gidan Kulobis ya faɗi a duka biyun.

In akwai gonar maraya a hannunka, kada ka jira kaka ta wuce. Ka kira dattawan ikkilisiya da uwar yaran, ku taka gonar tare, ka nuna iyaka a gaban shaidu.

Addu'a: Ya Uban marayu, ka binciki zuciyata. Ka tsare bakina a ranar fushi, ka ba ni ƙarfin mayar da abin da ba nawa ba. Cikin sunan Yesu, amin.