Kunyar Ɗan Yaye da Tsirowar Hankali

Lokacin da ke tsakanin yaye da cikar shekara uku yana cikin mafi wuyar fahimta a rayuwar ɗan Adam, domin a cikinsa ne yaron da jiya yake tatata yake fara gudu da tsalle, gwarancinsa ya koma magana mai haɗa kalma biyu ko uku, ya soma kiran kansa da "ni", ya kuma riƙe abu tamau yana cewa nasa ne. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu a matsayin cikar shayarwa a Suratul Baƙara da Suratu Luƙman, kuma al'adar kai ɗan yaye wajen kakarsa ba ta yi nisa da wannan iyaka ba. Tambayar da ke tasowa ita ce ko yaron da ya iya ƙin umarni, ya kuma iya ɓoye abin da ya ɓata, ya shiga sahun masu kyautatawa da munanawa, ko kuwa ayyukansa ba su da wani nauyi tukuna.

Amsar malaman fiƙihu a taƙaice take. Taklifi, wato ɗora wa mutum nauyin umarni da hani har a rubuta masa zunubi, ba ya hawa kan yaro sai ya balaga, kuma tamyizi, wato iya rarrabe mai amfani da mai cutarwa da fahimtar magana da mayar da amsa, yawancinsu sun danganta shi da wajen shekara bakwai, lokacin da ake fara umartar yaro da salla. Ɗan shekara biyu da rabi ba shi da laifi a wurin Allah, komai ƙiriniyarsa.

Sai dai malaman tarbiyya ba su tsaya a nan ba, domin rashin zunubi daban ne da rashin hali. Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, dukansu sun ɗauki bayyanar kunya a matsayin alamar farko ta hankali a wurin yaro. Hujjarsu ita ce, yaron da ya sunkuyar da kai ko ya janye hannunsa daga wani abu ya nuna cewa ya fara ganin wasu ayyuka a matsayin munana, kuma ba a iya ganin muni sai da hasken hankali. Saboda haka Gazali ya ga cewa daga wannan lokaci ne ya kamata uba ya ƙara sa ido, ya yi amfani da kunyar yaron wajen koya masa ladabi, yana farawa da ladabin cin abinci. Wannan fahimta tana da zurfi, domin ta sanya tushen ɗabi'a a cikin yaron kansa, ba a cikin bulalar mai reno ba.

Binciken masana halayyar yara ya zo da abin da ya yi kusa da wannan ta wata hanya dabam. A 1972 Beulah Amsterdam ta wallafa gwajin madubi, inda ake ɗiga wa yaro jan abu a hanci ba tare da ya lura ba, sannan a ajiye shi gaban madubi. Wanda ya kai hannu hancinsa maimakon madubin ya nuna ya gane cewa shi ne a ciki, kuma yawancin yaran da ta gwada sun kai wannan mataki dab da cika shekara biyu. Daga baya Michael Lewis da abokan aikinsa sun nuna cewa jin nauyi idan an zuba wa yaro ido yana bayyana ne a wurin waɗanda suka riga suka gane kansu, sannan nadama da alfahari da kunyar aikata kuskure su biyo baya wajen shekara uku, lokacin da yaro ya fara auna aikinsa da ƙa'idar gida. Ba a ko'ina tsarin yake zuwa iri ɗaya ba, domin nazarin Heidi Keller na 2004 ya gano cewa yaran ƙabilar Nso ta Kamaru sun riga yaran Girka iya bin umarni da kame kai, alhali na Girka sun riga su gane kai a madubi, abin da ke nuna cewa salon reno yana da hannu a kan wace baiwa ce za ta fara tsirowa.

Inda ake yawan kuskure shi ne wajen haɗa kunya da tsoro, musamman da yake kalmar kunya a Hausa ta ƙunshi kamun kai da kawaici, ta kuma ƙunshi tozarcin da ake ji idan an ci wa mutum fuska. Kunyar da Gazali yake nufi ita ce ta farko, kuma ba a haifar da ita ta hanyar ta biyu. Yaron da ya yi fitsari a wando aka tara masa 'yan'uwa suna yi masa dariya, ko wanda ya fasa kwano aka dake shi kafin ya gama fahimtar abin da ya faru, abin da yake koya shi ne ɓoye kuskure daga idon manya, kuma daga nan ne ƙaryar farko take samun gindin zama. Wanda kuwa aka nuna masa tuwon da ya zubar, aka miƙa masa tsumma ya taya gogewa, an bar masa kunyarsa a inda take da amfani, wato a kan aikin da ya yi, ba a kan kansa ba. Tunda Shari'a ta ɗage masa hisabi har zuwa balaga, babu hujjar da za ta sa uwa ko uba su hukunta ɗan shekara biyu kamar mukallafi, alhali nauyin da ke cikin wannan lokaci a wuyansu yake.